Yadda matashin ɗan wasa ke samun shiga fina-finan tarihi a Poland

Fim ɗin tarihi ya sha fito da sababbin fuskoki a Poland. Daniel Olbrychski bai wuce shekara 20 ba lokacin da darakta Andrzej Wajda ya ba shi babbar rawa a fim ɗin Popioły na 1965, Michał Żebrowski kuma ya yi suna ne a 1999, shekarar da ya fito a fina-finan Ogniem i mieczem da Pan Tadeusz. Sai dai mai son bin sahunsu ya sani cewa yawancin aikin ana gama shi ne tun kafin a kira mutum tantancewa.

Ƙofar da aka saba bi ita ce makarantar gwamnati: ta fim da ke Lodz, wadda aka kafa a 1948, ko ta wasan kwaikwayo a Warsaw, ko ta Krakow mai reshe a Wroclaw. Karatun yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar. Jarrabawar shiga mataki-mataki ce, gurabe kaɗan, masu nema jingim, don haka ka haddace waƙoƙin baka da rubutun zube, na da da na yanzu, ka kuma shirya rera waƙa da gwajin motsa jiki. Wanda bai samu gurbi ba yana iya neman shaidar sana'a ta jarrabawar da ƙungiyar 'yan wasa ta ZASP ke shiryawa.

Doki ne ke tona asirin yawancin sababbin shiga. Kada ka rubuta a takardar bayananka cewa ka iya hawa alhali tafiya a hankali kawai ka taɓa yi a kan doki. Labaran ƙarni na 17 suna buƙatar sassarfa da sukuwa, linzami a hannun hagu kaɗai saboda dama na riƙe da takobi, sannan ka tsayar da dokin daidai kan alamar da mai kyamara ya sa. Idan ka wuce ta da taku biyu, ka fita daga inda hoton ke da kaifi, sai a sake. Dunduniya ƙasa a cikin likkafa, idonka inda za ka nufa. Mai tsoro yakan danne linzami ya kuma matse ƙafafu, wato yana ce wa doki tsaya da tafi a lokaci guda, shi ya sa dokin ke yin turjiya. Ka nemi a haɗa ka da dokinka kwanaki kafin ɗauka, domin ƙarar sulke, hayaƙi da fukafukan da mahayan husariya, wato sojojin dokin Poland na da, ke ɗaurawa suna firgita dabbar da ba ta saba ba.

Takobin Poland, szabla, lanƙwasasshe ne, an fi sara da shi fiye da suka, kuma ƙarfinsa daga wuyan hannu yake fitowa. Faɗan fim ƙidaya ce. Ana koyon kowane sara da kariyarsa da lamba, a fara a hankali, a ƙara sauri sai bayan mutum biyun sun daina tunani kafin motsi. Saran yana sauka ne gefen jikin abokin wasa, kusurwar kyamara ce ke ɓoye tazarar. An fi jin rauni idan wani ya ƙara taku ɗaya da ba a tsara ba, ko idan gajiya ta kama hannu bayan an yi ta maimaitawa. Haka bindiga: harsashin wasa mai albarushi kaɗai ma yana ƙona fuska daga kusa, kada ka karɓe ta sai daga hannun mai kula da makamai.

Ka yi atisaye cikin kayan, ko da aro ne. Doguwar rigar żupan, da kontusz a samanta, da faffaɗar ɗamara suna canza tafiya da zama, kube kuwa yakan harɗe ƙafar wanda bai saba ba. Gashi da gashin baki, bar su yadda suke har masu kwalliya su yanke hukunci.

Sai harshe. Pan Tadeusz asalinsa rubutacciyar waƙa ce mai gaɓa 13 a kowane layi, da ɗan tsayawa bayan ta bakwai, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne rera layin maimakon faɗinsa kamar magana. Idan labarin na Yaƙin Duniya na Biyu ne, ɗan Jamusanci ko Rashanci zai yi maka rana. Gidan tarihin boren Warsaw, wanda aka buɗe a 2004, yana da hirarrakin waɗanda suka ga kwanaki 63 na boren da aka yi wa mamayar Jamus a 1944 da idonsu. Saurare su ka ji yadda suke ba da labarin tashin hankali ba tare da ɗaga murya ba.

Ana biyan ɗan wasa ne bisa kowace ranar ɗauka, da kuɗin zloti. Kafin ka sa hannu, wakilinka ya tabbatar kwantiragin ya fayyace ko kwanakin koyon doki da takobi suna cikin biya, wa ke da alhakin inshora idan ka faɗi, da kuma wuraren haɗarin da ƙwararre zai yi a madadinka.