Yadda Ake Shirya Cikin Ɗan Alade Tun Kafin Yaye

Asarar da ta fi ci wa mai kiwon aladu rai a nan Billiri da Kaltungo ita ce ta makon yaye. Uwa ta haifi tara ko goma, ka yi ta ɗawainiya da su fiye da wata guda, sun yi ɓul-ɓul gwanin sha'awa, ka raba su da nono, kafin mako ya zagayo zawo ya kama rabinsu. Gashi ya tashi, baya ya gantsare, ido ya faɗa. Wasu su mutu, waɗanda suka tsira kuma su tsumbure, su yi ta cin dusa ba sa gaba. Na daɗe ina wannan kiwo, kuma abin da nake so in nuna maka shi ne yawancin wannan ɓarna a hanji take farawa, hanjin kuma tun ranar haihuwa ake soma gina shi.

Ɗan alade yana faɗowa duniya da hanji kusan babu komai a cikinsa. Cikin awanni kaɗan ƙwayoyin bakteriya za su shiga su zauna, daga jikin uwa, daga kan nono, daga daɓen da ya kwanta a kai. Akwai masu amfani, irin Laktobasilus, dangin waɗanda ke sa nono ya zama kindirmo. Su ne ke juya zaƙin madara zuwa tsami a cikin tumbi, tsamin nan kuma shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakat, domin jariri bai iya samar da isasshen ruwan tsami na kansa ba tukuna. Akwai kuma masu cutarwa, musamman wasu nau'o'in Ikolai, waɗanda suke nan suna jiran dama. Wanda ya riga kama wuri shi ke mulkin cikin. Saboda haka aikin farko na uwa ne. Mako ɗaya zuwa biyu kafin ta haihu a ba ta maganin tsutsar ciki, a wanke ɗakin a bar shi ya bushe ƙayau, ita ma a wanke mata ciki da nonuwa da ruwa da sabulu. Lissafin ba wuya: cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku daga ranar barbara. Rubuta ranar a jikin bango da gawayi.

Sai dakashi, nonon farko mai kauri. A nan nake so ka tsaya sosai. Mahaifar alade ba ta bari garkuwar jikin uwa ta ratsa zuwa ga 'ya'ya, don haka jaririn yana zuwa ne ba shi da kariya ko kaɗan, sai abin da ya tsotsa. A awannin farko bangon hanjinsa a buɗe yake, garkuwar da ke cikin dakashi tana wucewa kai tsaye zuwa jini. Ƙofar tana rufuwa a hankali, kafin awa 24 zuwa 36 ta rufe, kuma awa shida na farko sun fi sauran duka daraja. Kowane ɗa yana bukatar giram 200 zuwa 250 na dakashi a ranar farko. Ba za ka iya aunawa ba, amma za ka iya zama a wurin. Goge kowane ɗa da busasshen tsumma, ka ɗora shi a kan nono da hannunka. In sun yi yawa, manyan da suka riga suka ƙoshi ka sa su a kwando mai ɗumi na kamar awa ɗaya, ƙananan su samu su sha ba tare da an ture su ba. Nonuwan gaba sun fi kawo ruwa, can nake kai raunanan.

Sanyi ma maganar ciki ce, ko da yake ba a ganin haka da farko. Jaririn alade kitsen jikinsa kaɗan ne ƙwarai, yana son ɗumi na digiri 30 zuwa sama a kwanakin farko. A Disamba da Janairu, in hunturu ya buso da asuba, za ka same su sun hau kan juna suna rawar ɗari. Wanda ke jin sanyi ba ya tsotso da kyau, abin da ya sha kuma ba ya tafiya daidai a hanji. Kewaye musu lungu guda da katako, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai yawa, ka rufe saman da buhu, ka toshe inda iska ke shigowa. In sun kwanta a baje gefe da gefe, ɗumin ya yi.

A rana ta uku ana yi musu allurar ƙarin jini, wato sinadarin ƙarfe, miligiram 200 a tsokar wuya. Ana haihuwar ɗa da kimanin miligiram 50 a jikinsa, yana bukatar kamar bakwai kullum, nonon uwa kuwa kusan ɗaya yake ba shi. Aladun da ke yawo a bayan gari suna tonon ƙasa su samu, amma namu na kan siminti ba su da wannan hanya, shi ya sa sai ka ga sun yi fari fat a mako na biyu ko na uku suna haki. Tsakanin kwana bakwai da sha huɗu kuma akwai wani zawo mai launin ɗorawa ko toka-toka, mai kauri kamar man shafawa. Sau da yawa wannan koksidiya ce, wata ƙwayar cuta mai zama a bangon hanji, ba bakteriya ba, don haka garin maganin rigakafin da ake zubawa a ruwa ba ya taɓa ta. Tana da maganinta, toltirazuril, da ake ɗurawa sau ɗaya a kwana na uku zuwa biyar. Malamin dabbobi zai auna maka. Jiƙaƙƙen daɓe shi ne gidanta.

Yanzu ga ainihin aikin. Bangon ƙaramin hanji cike yake da 'yan tsirarrakin yatsu da ido ba ya gani, kamar zaren jikin tawul, kuma ta nan abinci ke shiga jini. Muddin abinci na bi ta kansu suna nan da tsayinsu. In ɗan alade ya yi kwana ɗaya ko biyu bai ci ba, kamar yadda suke yi in an yaye su ba shiri, yatsun nan sai su gajarce. Ga shi kuma sinadaran narkar da abinci da yake da su na madara ne, masu narkar da sitaci da furotin na hatsi ba sa ƙarfi sai wajen mako biyar zuwa takwas. Yunwa ta ishe shi a rana ta uku, ya faɗa wa komi ya cika ciki da dusa, hanji ya kasa ɗauka, abincin ya gangara babban hanji ɗanye, Ikolai ta samu biki. Zawon yaye ke nan, yawanci cikin mako biyun farko.

Maganinsa shi ne a koya musu ci tun suna kan nono. Daga kwana goma nake fara ajiye musu ɗan abinci a faranti marar zurfi, a lungunsu inda uwa ba ta kaiwa. Cikin tafin hannu ya isa. Da farko wasa za su yi da shi, su taka, su zubar. Kada ka damu, kwashe ka zuba sabo safe da yamma, kar ka bar wanda ya kwana. Ajiye shi lokacin da uwa ke cin nata, don suna kwaikwayonta. Ruwa mai tsabta ma ya kasance a gefe tun makon farko, a abin da ba za su faɗa ciki ba.

Haɗin da nake yi wa masu shirin yaye, a kowane kilo goma: masara niƙaƙƙiya kilo shida, waken suya gasasshe kilo biyu da rabi, garin kifi rabin kilo, dusar alkama giram 700, garin ƙashi giram 200, gishiri giram 30, da firimis, wato garin bitamin da ma'adinai da ake haɗawa a abincin dabbobi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledarsa. Wannan yana ba da furotin kusan kashi 18 cikin ɗari. Mutane na ganin in an ƙara wake za a ƙara girma, amma furotin da ya fi ƙarfin hanji ruɓewa yake yi a babban hanji, ya haifar da zawo mai wari. Waken suya kuwa kada ka kuskura ka ba su ɗanye, yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin. Soya shi a kasko kana juyawa har ya yi ja-ja, ƙarnin ɗanyen wake ya tafi. In ya ƙone ka kashe amfaninsa.

Akwai abubuwan da ke da arha a wurinmu da ba na yarda su kusanci yara. Angurya tana da guba ga alade, a bar wa shanu. Ɓuntun shinkafa cika ciki ne kawai. Dusar burkutu ta manya ce, tana da ƙaiƙayi da yawa kuma tana saurin lalacewa. Jar dawa mai bauri tana rage narkewar furotin, in dawa za ka sa, nemi fara ko ƙaura. Ƙuli-ƙuli da masarar da suka yi funfuna kuwa, ko kyauta aka ba ka, kar ka karɓa. Gubar funfuna tana cin hanta tana raunana garkuwar jiki, wuta kuma ba ta kashe ta. Haka ragowar abincin gidan biki ko na gidan sayar da abinci in da naman alade a ciki, ta nan zazzaɓin aladu na Afirka ke shiga garke, cutar da ta shigo Najeriya a 1997 kuma ba ta da magani. Ita dusar alkama kaɗan ɗin nan tana da dalili: bakteriyan babban hanji suna cin ƙaiƙayinta su fitar da wani tsami da bangon hanjin ke rayuwa da shi. Kaɗan ke gyara, da yawa ɓatawa take yi.

Abin da na fi jin daɗinsa a kiwon nan shi ne jiƙon masara. Kowace mace a gidanmu ta san yadda ake tsimma ƙullun koko, to shi ne dai. Garin masara awo ɗaya, ruwa awo biyu zuwa uku, a bokiti mai murfi, a inuwa. A zafin Gombe kwana biyu sun isa ya yi tsami mai daɗin ƙamshi. Kada ka ba su na ranar farko, don a lokacin miyagun ƙwayoyi ne ke yaɗuwa, tsami bai riga ya danne su ba. In ya nuna, ɗebi ka bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasan bokitin ya zama iri ga na gaba. Masarar kaɗai ake jiƙawa, wake da kifi da firimis sai lokacin ba su ake zubawa a dama, in ba haka ba su yi wari, amfaninsu kuma ya ragu. In ka ji warin giya ko na ruɓa, ko ka ga funfuna a sama, zubar ka wanke bokitin ka sake. 'Yan aladu suna son abinci mai ruwa-ruwa fiye da busasshe, tsamin kuma yana riƙe musu tumbi a daidai lokacin da na madara ya yanke.

Wata maƙwabciyata ta taɓa ce mini, “Baba, na ji manyan gonaki mako uku suke yaye, ni ma ina so uwar ta koma barbara da wuri.” Na ce mata, “'Yata, su suna da abinci mai garin madara da ɗaki mai na'urar ɗumi. Mu da masara da wake muke yi, ki bar su mako shida, in ƙanana ne har takwas.” Abin dubawa shi ne ci: in kowane ɗa yana zuwa komi da kansa yana ci sosai, ya isa yaye.

Ranar yaye uwa ake ɗaukewa, a bar yaran a ɗakin da suka sani, da kominsu da abincinsu. Kada ka haɗa yaye da fiɗiya ko tafiya ko cakuɗa su da 'ya'yan wata uwa a mako guda. Ba su kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, kominsu kuma ya isa kowa ya sa kai lokaci ɗaya. Abincin ya zauna yadda yake mako biyu, in za ka sauya, ka riƙa cakuɗa sabo da tsoho tsawon mako guda. Mai sayen yayayye a kasuwa ya tambayi abin da ake ba shi a gidan da ya fito, ya fara da shi.

In zawo ya zo duk da haka, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa da sauri. Lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sikari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ajiye musu, da ruwa zalla a gefe. Ga jariran da ba su wuce mako ɗaya ba gulukos ake sawa a maimakon sikari, don hanjinsu bai iya narkar da sikarin shayi ba tukuna. Rage yawan abinci amma kar ka yanke, ware masu ciwon, ƙara musu ɗumi.

Garin maganin kashe bakteriya da wasu ke zubawa a ruwa kullum da sunan rigakafi, ina roƙonka ka daina. Ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa, kuma ƙwayoyin da suka tsira sukan daina jin magani, ranar da kake bukatarsa da gaske ya ƙi aiki. Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci don ƙara girma tun 2006. Yana da wurinsa, a kan dabbar da ta kamu, da shawarar likita, a kuma cika kwanakin da aka ce. Kira likitan dabbobi ranar da ka ga jini a kashi, ko zawon ya wuce kwana biyu, ko fatar ido ta kumbura ɗan yana tangaɗi, musamman in mafi ƙiba a cikinsu ne ya faɗi farat ɗaya. Wannan na ƙarshe, mai kumburin ido da tangaɗi, shi ma wani nau'in Ikolai ne ke kawo shi, kuma ba ya jira. In ɗaya ya mutu kar ka yi saurin jefarwa, likita ya buɗe shi tun bai kumbura ba, in ta kama ya aika samfuri zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. In kuwa manya da yara ne ke mutuwa tare, da zazzaɓi da jan kunne, rufe ƙofar garken, kada alade ko nama ya fita, ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.