Yadda za a tsara baiko, zakka da aikin hannu a ƙaramar ikkilisiya

A yawancin ikkilisiyoyin da ke tsakanin Ngaundere, Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, masu albashi kaɗan ne. Sauran manoma ne, 'yan kasuwa, magina, teloli da masu acaba. Kuɗinsu ba ya shigowa wata-wata, don haka tsarin da aka gina kan ambulan na ƙarshen wata ba ya kama su. Dattawan da suke so jama'a su bayar da daɗin rai sai su bi kalandar gona, kuma su yi lissafi a fili.

Ku fara da zama ɗaya a watan Oktoba, kafin kaka ta kankama: fasto, dattawa, ma'aji, shugabar zumuntar mata da wakilin matasa. A rubuta abin da shekara za ta ci: haƙƙin fasto, rabon da ake aika wa gunduma, gyaran gini, taimakon gwauraye da marasa lafiya, makarantar Lahadi. A kan kowane abu a tambaya, wannan kuɗi yake so, ko hatsi, ko hannu? Za ku tarar kusan duk aikin gyara hannu yake so, kuɗin kayan aiki kawai za a nema.

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce daga ina ake cire ɗaya cikin goma. Ɗan kasuwa daga riba yake cirewa, ba daga jari ba. Matar da ta sari kaya na sefa 50,000 ta sayar 62,000, ribarta 12,000 ce, zakkarta 1,200. In aka bar ta tana cirewa daga dukan cinikin, zakkar za ta cinye fiye da rabin ribarta, jarin ma yana iya karyewa, ita da ikkilisiya duka su yi asara. Manomin auduga kuwa sai SODECOTON, kamfanin audugar Kamaru, ta cire bashin taki da magani kafin kuɗi ya zo hannunsa, don haka abin da ya karɓa shi zai lissafa. Mai gero ko dawa ya ware dami ɗaya cikin goma tun a gona, domin hatsin da ya riga ya shiga rumbu da wuya ya fito. Mai samu kullum ya bi shawarar Bulus a 1 Korintiyawa 16:2, ya riƙa ware wani abu kowane mako gwargwadon samunsa. Kada a kira sunaye da adadi daga bagade. Mai kaɗan yakan ji kunya ya daina zuwa, mai yawa kuma ya fara jin ikkilisiyar tasa ce.

Baikon hatsi shi ne wurin da aka fi tafka asara. Ranar godiyar kaka buhuna sukan cika gaban majami'a, zuwa Afrilu rabi ya zama gari. A sa godiyar sau biyu: ɗaya a Nuwamba ko Disamba don gero, masara, gyaɗa da wake, ta biyu wajen Fabrairu ko Maris don masu masakuwa, wato dawar rani, da masu auduga. A auna komai da kwano ɗaya da aka yi masa alama, a rubuta nan take. Kada a haɗa na kowa kafin a duba bushewarsa, domin kwano goma na masara mai danshi ya isa ya sa buhu guda ya yi fumfuna. Gwajin ba wuya: a ciji ƙwaya, in ta fashe ƙas ta bushe, in ta lotsa a mayar da ita rana. Ko a zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza; in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura.

Wake ya fi kowane saurin lalacewa. A zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda a Marwa ma aka fara gwada dabararsa. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, don rashin iska ne yake kashe ƙwarin. Buhuna su hau katako, kada su taɓa ƙasa ko bango saboda gara da danshi. A sa kwaɗo biyu a ƙofar ɗakin ajiya, makullan a hannun mutum biyu. Sannan a yanke tun farko: kaza na gidan fasto, kaza na mabukata a Yuli da Agusta lokacin da rumbuna suke ƙarewa, kaza na sayarwa. Sayarwa a kaka asara ce, lokacin ne hatsi ya fi araha.

Kuɗin baiko a ƙirga shi da an tashi sujada, kafin ya bar harabar. Mutum uku, ba 'yan gida ɗaya ba, ban da fasto da iyalinsa. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare shi. A 2 Sarakuna 12 magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirga kuɗin akwatin haikali, Bulus ma bai yarda ya kai gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A rubuta adadin da lamba da kalmomi, dukansu su sa hannu. A nan akwai wani tarko: a kasuwa da dala ake lissafi, wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500. In mai ƙirga yana faɗa da dala, mai rubutu yana sa lambar yadda ya ji, littafi zai nuna kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke akwati. A littafi sefa kawai.

Kada kuɗi ya kwana fiye da mako a gidan ma'aji. Ba sata ce ta fi cinye shi ba, rance ne: wani ya zo da ɗa ba lafiya da tsakar dare, ma'aji ya kasa cewa a'a, ba takarda, ba ranar biya. A buɗe asusu da sunan ikkilisiya mai sa hannun mutum biyu. In ana karɓa ta Orange Money ko MTN, a ware layi na wannan aikin kaɗai, a kwafe kowane saƙo cikin littafi, a rubuta kuɗin cirewa a matsayin kashewa. Kuɗin da aka tara don kwanon rufi na rufi ne. In dole ta sa a taɓa shi, a gaya wa jama'a kafin a taɓa. Duk wata uku a karanta rahoto da harsunan da ake sujada da su, ba Faransanci kaɗai ba.

Lokaci da gwaninta ma a yi musu littafi: wa ya iya gini, wa ya iya ɗinki, lissafi, koyar da yara, gyaran janareta, kuma wace rana yake da sarari. In babu wannan, 'yan mutane kaɗan ne za su yi ta ɗaukar komai har su gaji. A sa wa kowane muƙami wa'adi, shekara biyu ko uku, tare da mataimaki mai koyo. Da magini ko kafinta a yi magana a fili: kwana nawa ne baikonsa, daga ina za a fara biyansa. Sana'arsa ce abincin gidansa.

Gayyar gonar ikkilisiya kada ta faɗo lokacin noman farko, kowa na fama da ciyawar gonarsa. A raba jama'a rukuni-rukuni, kowane rukuni safiya ɗaya. Buga bulo kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi, kafin zafin Maris da ƙarancin ruwa. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 na santimita 15. Masu aikin sa kai sukan ja shi zuwa 50 da niyyar taimaka wa ikkilisiya, sai bulon ya riƙa marmashewa a hannu. A jera su a inuwa, a sa mutum biyu da sunansu su riƙa ba su ruwa safe da yamma har kwana 7.