Yadda Mace Za Ta Yi Amfani da Maganin Rage Yunwa Idan Nauyinta Ya Daina Sauka

Mace takan ɗauki haramar rage ƙiba da ƙwazo, ta rage abin da take ci, ta ƙara motsa jiki, nauyi ya riƙa sauka mako bayan mako, sai wajen wata na shida ma'auni ya tsaya cak, alhali a ganinta ba ta sauya komai ba. A nan ne mata da yawa suke fara zargin kansu da rashin juriya, kuma ina ganin zargin bai dace ba, domin jiki ne yake kare ajiyarsa. Jikin da ya ragu ba ya ƙona ƙarfi kamar yadda yake ƙonawa a da. Sinadarin leptin, wanda kitse ke fitarwa domin sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, yana raguwa, yayin da ghrelin, wanda ciki ke fitarwa domin tayar da yunwa, yake ƙaruwa. Sai a wayi gari buƙatar jiki ta ragu amma yunwa ta ƙaru, mace ta riƙa ƙara loma kaɗan-kaɗan ba tare da ta ankara ba. Wannan yunwar ce magungunan da likita ke rubutawa suke kwantarwa, kuma suna da amfani ƙwarai ga wadda ta cancanta, muddin an bi su ta hanyarsu.

Kafin ki nemi magani, ki tabbatar tsayawar ta gaske ce. Nauyin mace yana hawa yana sauka da zagayowar jinin al'ada, domin jiki yakan riƙe ruwa a kwanakin da ke gabanin zuwansa, kuma wannan ruwa yana iya rufe kitsen da ya narke har ya zama kamar ba a ci gaba. Saboda haka ki riƙa hawa ma'auni ɗaya, da safe kafin ki ci komai, ki kwatanta nauyin wannan watan da na watan jiya a rana ɗaya ta zagayowar, ki kuma auna ƙugunki da tef. Idan mako huɗu zuwa shida suka wuce babu abin da ya motsa, to tsayawar ta tabbata. A cikin waɗannan makonni ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki, har da abin sha mai zaƙi da ɗanɗanon da ake yi a bakin tukunya, da kuma sa'o'in barcinki, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa. Wannan rubutu shi ne abu mafi amfani da za ki kai wa likita.

Likita kuma zai fara duba ko akwai wani dalili a ɓoye. Raunin aikin tairod, wato ƙullin da ke gaban wuya, yana rage saurin aikin jiki, kuma gwajin jini yana nuna shi. Larurar ƙwan mace da ake kira PCOS takan zo da rikicewar al'ada da wahalar rage ƙiba. Shekarun ɗaukewar al'ada suna rage tsoka su tura kitse zuwa tumbi. Akwai kuma magungunan da su kansu ke ƙara nauyi, irin su prednisolone, insulin, olanzapine, mirtazapine, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a jikin wasu mata. Kada ki daina ko ɗaya daga cikinsu da kanki. Ki kai su duka gaban likita, shi ne zai ga ko akwai madadi.

Ƙa'idar da likitoci suka fi bi wajen rubuta maganin ita ce lissafin BMI: a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. Macen da ke da kilo 92 da tsawon mita 1.65 lissafinta ya kama kusan 33.8. Ana rubuta magani ga wadda lissafinta ya kai 30, ko ya kai 27 idan tana tare da larurar da ƙiba ke jawowa, kamar hawan jini, ciwon sukari nau'i na 2, ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. Wadda kilo uku ko huɗu ne kawai suka rage mata ta kai siffar da take so ba ta cikin wannan rukuni, kuma haɗarin maganin a gare ta ya fi amfaninsa.

Magungunan ba iri ɗaya ba ne. Mafi daɗewa shi ne phentermine, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1959. Ƙwaya ce mai zaburar da jijiyoyi, ana shan ta da safe domin kada ta hana barci, kuma an amince da ita ne na ɗan gajeren lokaci, yawanci bai wuce mako 12 ba. Takan busar da baki, ta sa bugun zuciya ya yi sauri, ta ɗaga hawan jini, don haka ba a ba wa mai ciwon zuciya, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai hawan jinin ido, ko wadda ta taɓa fama da shaye-shaye. A 2012 aka amince da haɗinta da topiramate mai suna Qsymia, wanda ake iya sha na dogon lokaci, a 2014 kuma aka amince da haɗin naltrexone da bupropion mai suna Contrave. Wannan na biyun ya fi dacewa da wadda matsalarta kwaɗayi ce fiye da yunwa, amma bai halatta ga mai farfaɗiya ba, ko mai shan magungunan kashe zafi dangin opiyam irin su tramadol da kodin.

Sai kuma allurai masu kwaikwayon sinadarin GLP-1, wanda hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Suna jinkirta fitar abinci daga ciki, suna kuma aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Liraglutide, mai suna Saxenda, allura ce ta kullum da aka amince da ita a 2014. Semaglutide, mai suna Wegovy, ta mako-mako ce, ta samu amincewa a 2021, kuma a babban gwajin da aka yi mata, wanda akasarin masu shiga cikinsa mata ne, nauyi ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 a mako 68, yayin da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta suka rage kusan kashi 2 da ɗoriya. Tirzepatide, wadda ke aiki a kan sinadarai biyu, ta biyo baya a 2023 da sunan Zepbound, kuma a gwajinta na mako 72 masu karɓar mafi girman kaso sun rage kusan kashi 21 cikin 100. Waɗannan alƙaluma matsakaici ne. Wata za ta wuce su, wata ba za ta kai rabinsu ba. Ba a ba da waɗannan allurai ga wadda ita ko wani a danginta ya taɓa kamuwa da wani nau'in ciwon dajin tairod da ake kira medullary.

Inda nake so mace ta fi tsayawa da kyau shi ne batun juna biyu, domin a nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan magunguna da ake sha da ciki, kuma mai shayarwa ma dole ta sanar da likita tun farko. Topiramate yana ƙara haɗarin haihuwar jariri da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganda, kuma wannan lahani yana aukuwa ne a makonnin farko, tun kafin mace ta san ta samu ciki. Shi ya sa ake yin gwajin ciki kafin a fara Qsymia, a kuma maimaita shi kowane wata. Wadda ke shirin ɗaukar ciki za ta daina semaglutide aƙalla wata 2 kafin lokacin, saboda yakan daɗe bai fita daga jiki ba. Tirzepatide kuwa yana iya rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ake haɗiya, don haka ana shawartar mace ta koma wata hanyar da ba ta baki ba, ko ta ƙara da kwaroron roba na mako 4 bayan fara allurar da kuma mako 4 bayan kowane ƙarin kaso. Akwai wani abu da mata da yawa ba sa tsammani: raguwar nauyi kanta takan dawo da saukar ƙwai ga wadda al'adarta ta daɗe a rikice, musamman mai PCOS, har wadda ta shekara tana ganin ba za ta yi saurin ɗaukar ciki ba ta tsinci kanta da shi. Idan al'adarki ta yi jinkiri kina kan magani, ki yi gwaji nan take ki tuntuɓi likita.

Idan an rubuta miki maganin, ki fara daga ƙaramin kaso ki haƙura da shi. Wegovy yana farawa daga miligiram 0.25, ana ƙarawa duk bayan mako 4 zuwa 0.5, sai 1, sai 1.7, har 2.4, tirzepatide kuma yana farawa daga miligiram 2.5. Gaggawar tsallake mataki ita ce ke jawo tashin zuciya da amai masu tsanani har mace ta watsar da maganin gaba ɗaya. Ki riƙa cin kaɗan a hankali, ki tsame hannu da zarar kin ji ƙoshi, ki rage maiƙo, ki yawaita shan ruwa domin kauce wa taurin bayan gida. Amma ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya lafawa, musamman idan yana ratsawa zuwa baya, yana iya zama kumburin gaɓar da ke samar da insulin ko tsakuwar matsarmama, kuma wannan na asibiti ne a ranar. Haka nan bugun zuciya mai ƙarfi, ciwon ƙirji, ko baƙin ciki da tunanin cutar da kai. Idan za a yi miki tiyata ko wani aikin da ke buƙatar maganin barci, ki faɗa wa likitocin cewa kina kan allurar, domin abinci yana iya saura a cikinki ko da kin kwana ba ki ci ba.

Raguwar yunwa tana da nata tarko. Wadda ba ta jin yunwa takan ci kaɗan ƙwarai, kuma nauyin da ke sauka ba kitse ne zalla ba, har da tsoka. Mace, musamman wadda ta kusa ɗaukewar al'ada, tana buƙatar tsokarta da ƙarfin ƙashinta, saboda haka ki sa abinci mai gina jiki a gaba a kowane ci, ki yi motsa jiki na ɗaga nauyi ko turjiya aƙalla sau biyu a mako, ban da tafiya mai sauri da ta kai minti 150 a mako.

Tun ranar farko ku tsayar da ranar hukunci ke da likitanki. Ga yawancin magungunan, idan bayan kimanin mako 12 a kan cikakken kaso nauyi bai ragu da kashi 5 cikin 100 ba, wato kilo 4.6 ga mai kilo 92, to maganin bai karɓi jikinki ba, sai a daina ko a sauya. Ci gaba da shi a hakan ɗaukar haɗari ne babu riba.

Ki karɓi maganin ta hannun kantin magani mai rajista kaɗai, da takardar likita. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. Ko magungunan gaske ma an sha janye wasu daga kasuwa bayan an gano illarsu: fenfluramine a 1997 saboda lalata ƙofofin zuciya, sibutramine a 2010 saboda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, lorcaserin a 2020 saboda haɗarin ciwon daji. Sibutramine ɗin har yanzu akan same shi a ɓoye cikin wasu shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa a intanet da sunan na ganye ne.

Batun dainawa ma ana tsara shi ne tun da wuri. Waɗanda suka daina semaglutide bayan gwajin mako 68 sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage a cikin shekara guda, domin yunwar tana dawowa da zarar maganin ya bar jiki. Don haka ki tambayi likita tun kafin allurar farko ko za ki iya ci gaba da ita na dogon lokaci, da abin da za a yi idan kika so ɗaukar ciki ko maganin ya yanke. Qsymia kuwa ba a yanke babban kasonsa lokaci guda, saboda hakan yana iya tayar da farfaɗiya. Ana sauka ne a hankali, a riƙa tsallake rana ɗaya har na aƙalla mako guda, bisa tsarin da likita ya rubuta.