Yadda Ake Koyon Rawar Kwiksitef: Lissafin Kiɗa da Sarrafa Ƙafa

Kwiksitef tana ɗaya daga cikin raye-raye biyar da ake gasa a kansu a rukunin rawar zaure ta ƙasa da ƙasa, wato rawar da namiji da mace ke yi suna riƙe da juna, tare da wals, da tango, da wals irin ta Biyana, da fokstirot mai jinkiri. Ta samo asali ne a shekarun 1920, lokacin da makaɗan jaz suka riƙa buga kiɗan fokstirot da saurin da dogayen takunta ba za su iya bi ba, sai masu rawa a Ingila suka gajarta takun, suka haɗa shi da wasu salailai na rawar Calston da ta zo daga Amurka. Malaman ƙungiyar Imperial Society of Teachers of Dancing, wadda ta kafa sashenta na rawar zaure a 1924, suna cikin waɗanda suka tsara mata ƙa'idojin da ake koyarwa har yau, kuma da su ake alƙalanci a manyan gasa irin ta garin Blackpool da ke Ingila. Kiɗanta ya fi na sauran huɗun yawan bugu a cikin minti ɗaya, wanda hakan ke sa sabon mai koyo ya ɗauka cewa aikinsa shi ne gudu. A ganina nan ne kuskuren yake farawa, domin abin da ke gyara kwiksitef shi ne haƙurin cika takun jinkiri, saurin kuwa kiɗan ne zai kawo shi da kansa.

Mataki na farko ba ya buƙatar ƙafa ko kaɗan. Mai koyo ya zauna ya saurari kiɗan har sai kunnensa ya rarrabe gaɓoɓinsa. Kowace gaɓa tana ɗauke da bugu 4, na ɗaya shi ne mafi nauyi, na uku yana bi masa, na biyu da na huɗu kuma marasa nauyi ne. A gasa ana buga gaɓa 50 zuwa 52 a minti ɗaya, wato bugu 200 zuwa 208, don haka kowane bugu bai kai sulusin daƙiƙa ba. Wanda ya yi ƙoƙarin bin kowane bugu da tafi zai rikice nan da nan, saboda haka ya fi kyau ya tafa a kan na ɗaya da na uku kawai, yana sauraron ganga da babban garaya mai kaurin murya da ke ƙarƙashin kiɗan, ya ƙyale muryar mawaƙi da ta kakaki, waɗanda sukan ja baya ko su riga bugun don ƙawata waƙa. Idan yana shakkar ko kiɗan da ya samu ya dace, sai ya duba agogo ya ƙirga gaɓoɓin da suka wuce cikin daƙiƙa 15: in sun kai 12 zuwa 13, kiɗan kwiksitef ne, in kuwa 7 ko 8 ya samu, to fokstirot mai jinkiri ce, wadda ita ma bugu huɗu take da shi amma gaɓa 28 zuwa 30 take yi a minti. Ya nemi faifan da aka buga musamman domin rawa, wanda saurinsa ba ya hawa ba ya sauka, irin tsarin da Victor Silvester ya yi suna da shi bayan ya kafa ƙungiyar makaɗansa a 1935.

Bayan kunne ya kama, sai a shiga lissafin taku. Taku iri biyu ne: na jinkiri yana cin bugu biyu, na sauri yana cin bugu ɗaya. Yawancin salailan farko an gina su a kan jeri guda, wato jinkiri, sauri, sauri, jinkiri, kuma idan aka tara su za a samu bugu 6. A nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari sosai, domin gaɓar kiɗa bugu 4 ce, salon taku kuwa bugu 6, ma'ana salo ɗaya yana cinye gaɓa ɗaya da rabi. Wanda ya fara salon farko a kan bugu na ɗaya zai ƙirga shi kamar haka: ɗaya-biyu, uku, huɗu, ɗaya-biyu. Salo na biyu dole ya tashi daga bugu na uku: uku-huɗu, ɗaya, biyu, uku-huɗu. Sai an kammala salo biyu, bugu 12, gaɓa 3, sannan taku da kiɗa za su sake haɗuwa a kan bugu na ɗaya. Masu koyo da yawa, da zarar sun ji sun fara sabon salo a tsakiyar gaɓa, sai su zaci sun ɓace, su yanke takun jinkiri don su kamo bugu na ɗaya, alhali daidai suke tun farko. Maganin wannan shi ne a riƙa faɗin lissafin da baki ana tafiya a cikin ɗaki, ba juyi, ba abokin rawa, har sai fara taku a kan bugu na uku ya daina zama baƙon abu.

Daga nan sai sarrafa ƙafa, wato sanin ɓangaren tafin ƙafa da zai fara taɓa ƙasa a kowane taku. Takun jinkiri da ake yi gaba yana sauka ne a kan diddige, sannan nauyin jiki ya mirgina zuwa gaban ƙafa. Takun sauri guda biyu a kan gaban ƙafa ake yin su, diddige bai taɓa ƙasa ba. Takun jinkiri na ƙarshe yana farawa a kan gaban ƙafa, sai a sauke diddige a hankali, gwiwa ta ɗan lanƙwashe don ta ɗauki nauyin takun da zai biyo baya. Wannan ne ke haifar da tashi da saukar da ake gani a jikin masu rawar: ana fara tashi a ƙarshen taku na ɗaya, a ci gaba da tashi a na biyu da na uku, a tsaya a sama a na huɗu, a sauka a ƙarshensa. Mai komawa baya kuwa yana miƙa ƙafa tun daga ƙugu, yatsu su fara taɓa ƙasa, kuma ba ya sauke diddigen sai ɗaya ƙafar ta zo wucewa ta gefenta. Wanda ya yi gaggawar sauke shi zai faɗa baya da nauyinsa, ya janyo abokin rawarsa. Takalmi yana da tasiri a nan, shi ya sa ake yin na rawar zaure da tafin fata mai laushi wanda ke zamewa a kan daɓen katako daidai gwargwado, saɓanin na roba da ke kama ƙasa ya murɗe gwiwa a lokacin juyi.

Yanzu sai a haɗa waɗannan a salo biyu na farko. Masu rawa suna zagaya zaure ne saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa, bango yana dama da namiji idan ya fuskanci hanyar tafiya. A salo na farko, wato juyin kwata zuwa dama, namiji yana tsayawa a karkace, tsakanin hanyar tafiya da bango. Ya taka ƙafar dama gaba da jinkiri, ya kai ta hagu gefe da sauri yana juyawa dama, ya haɗe ta dama da ita da sauri, sannan ya kai ta hagu gefe da ɗan baya kaɗan da jinkiri. Mace tana yin kishiyar haka: hagu baya, dama gefe, hagu ta haɗe, dama gaba a karkace. Salo na biyu, wanda ake kira shase mai ci gaba, yana warware juyin: namiji ya ja ƙafar dama baya da jinkiri, hagu gefe da sauri yana juyawa hagu, dama ta haɗe da sauri, hagu gefe da ɗan gaba da jinkiri. Takun da ke biye yana fita ne ta wajen gefen daman mace, kuma a nan ake buƙatar namiji ya riƙe ƙirjinsa yana fuskantar abokiyar rawarsa, cinya ce kawai za ta ratsa. Haɗe ƙafa a taku na uku ya zama cikakke, tare da mayar da nauyi duka a kan ƙafar da ta haɗe, in ba haka ba ƙafar da ba ta dace ba ce za ta so tashi a taku na huɗu. Takun sauri kuma a yi su gajeru, kada su wuce faɗin kafaɗa, domin babu lokacin da za a janyo ƙafa daga nesa cikin bugu ɗaya.

Riƙon juna yana da sauƙin bayani ko da yake yana da wuyar ɗorewa. Hannun hagu na namiji yana riƙe da na daman mace a daidai tsayin ido, hannunsa na dama yana kan allon kafaɗarta ta hagu, ita kuma ta ɗora hannun hagu a kan damtsensa, tana tsaye ɗan dama da shi yadda ƙafafunsu ba za su yi karo ba. Kowa ya dubi hagunsa, kada a sunkuya ana kallon ƙafa, kuma gwiwar hannu kada ta faɗi ko ta riƙa rawa tare da takun sauri, saboda kyan wannan rawa shi ne ƙafafu suna aiki da gaggawa, daga ƙugu zuwa sama kuwa jiki yana nan a natse.

Sai a kawo kiɗa a ƙarshe, kuma a fara da wanda aka rage wa sauri zuwa wajen gaɓa 40 a minti, abin da manhajojin waya da dama ke iya yi ba tare da sun sauya muryar kiɗan ba. A saurari gaɓoɓi biyu ana ƙirgawa daga ɗaya zuwa takwas, namiji ya yi takun share fage da ƙafar hagu a kan bakwai da takwas, domin ƙafar dama ta sauka daidai kan bugu na ɗaya. Kada a ƙara sauri sai an iya zagaya zaure da salailan nan biyu ba tare da lissafi ya karye ba, sannan a riƙa ƙara gaɓa biyu-biyu har a kai 50. Salo na uku da ya dace a ɗora shi ne sarƙe ƙafa zuwa gaba, domin lissafinsa ɗaya ne da na farko, babban bambancin shi ne a taku na uku ƙafar dama ta namiji tana ratsawa ta bayan ta hagu maimakon ta haɗe da ita. Bayansa sai wani juyi zuwa dama da ake amfani da shi a kusurwar zaure, wanda lissafinsa jinkiri, sauri, sauri, sannan jinkiri uku a jere, jimilla bugu 10. Tsalle-tsalle da guje-gujen da ake gani a wajen gwanayen gasa suna raba bugu ɗaya gida biyu ne, kuma bai kamata a taɓa su ba sai idon sawu ya yi ƙarfin da zai riƙe jiki a kan gaban ƙafa na tsawon minti ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda shi ne tsawon kiɗan da ake bai wa masu gasa.