Yadda Za Ka Auna Bashin Kulob Kafin Ka Yarda da Raɗe-Raɗin Sayen Ɗan Wasa

Da zarar an buɗe kasuwar 'yan ƙwallo a Turai, magoya baya kan rabu gida biyu. Wasu su ce kulob ɗin da bashi ya yi wa katutu ina zai samo fam miliyan 80, wasu kuma su ce tunda kuɗi na shigowa, rowar shugabanni ce kawai ta hana saye. Amsar duka biyun tana cikin rahoton kuɗin da kulob ke fitarwa duk shekara. A Ingila kowane kulob kamfani ne, kuma dole ya miƙa rahotonsa ga hukumar rajistar kamfanoni ta Companies House, inda kowa zai iya karantawa kyauta. Manchester United, da yake hannun jarinta na kasuwar New York tun 2012, duk wata uku take bayyana lissafinta. Barcelona da Real Madrid kuwa mallakar mambobinsu ne, a gaban babban taron wakilan mambobin ake gabatar da nasu.

Fara da rarrabe bashin

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka jimillar da jarida ta buga ba ta gaya maka komai sai ka warware ta. Ka nemi shafin da aka jera lamuni, ka ware shi gwargwadon abin da aka yi da kuɗin.

Mafi nauyi ga kulob shi ne bashin da aka ci don a saye shi. A 2005 iyalan Glazer sun sayi Manchester United a kan kusan fam miliyan 790, yawancin kuɗin rance ne, kuma aka ɗora wa kulob ɗin biyan kaso mai tsoka. Wannan bashi bai gina kujera ko ɗaya ba, bai kawo ɗan wasa ko ɗaya ba, amma duk shekara ana cire kuɗin ruwansa daga abin da kulob ya samu.

Akwai bashin mai kulob, wanda sau da yawa ba shi da ruwa kuma ba shi da ranar biya. Roman Abramovich ya ranta wa Chelsea kimanin fam biliyan 1.5, da ya sa ta a kasuwa a 2022 ya ce ba zai nemi a biya shi ba. Irin wannan ba ya takura wa kulob a yau, haɗarinsa shi ne ranar da mai shi ya gaji ko abin hannunsa ya ƙare.

Sai bashin da ake bin kulob na 'yan wasan da ya riga ya saya. Da wuya a biya kuɗin ɗan wasa a dunƙule, kashi-kashi ake yi cikin shekara biyu zuwa huɗu. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, domin ba a cika haɗa wannan da bashin banki ba, wani shafi daban ake sa shi. Ka ɗauki abin da sauran kulob ke bin sa, ka cire abin da shi ma yake bin su, ragowar ita ce nauyin da ke kansa. Kulob na iya shiga kasuwa alhali rabin kuɗin bana ya riga ya tafi kan cinikin bara da na bara waccan.

Na ƙarshe, wanda ya fi kashe kulob, shi ne rancen biyan albashi da hidimar yau da kullum. Leeds United ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai a 2001, ta ci bashin fam miliyan 60 ta jinginar da kuɗin tikitin shekaru masu zuwa, da tsammanin za ta ci gaba da samun kuɗin gasar. Ba ta sake samun gurbin ba. A 2004 ta faɗo daga Firimiya, a 2007 ta kasa biyan masu bin ta har aka naɗa mata masu kula da dukiya.

Kowane lamuni ka gani, ka yi masa tambaya uku: ruwansa tsayayye ne ko yana hawa da sauka da farashin banki, yaushe ne wa'adin biyan uwar kuɗin, kuma me aka jinginar. Bashin fam miliyan 200 da wa'adinsa ke cika baɗi ya fi na miliyan 600 mai shekara 25 tayar da hankali.

Bashin filin wasa

Wannan ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne bashin da ke iya biyan kansa da kansa, kuma shi ne idan lissafi ya kuskure yake durƙusar da kulob shekara goma ko fiye.

Tsarin da aka saba bi shi ne, yayin gini a karɓi rancen banki na gajeren zango, mai tsada, saboda banki na ɗaukar kasadar ginin da bai kammala ba. Idan an buɗe fili kuɗi suka fara shigowa, sai a sayar da takardun lamuni na dogon zango ga manyan masu zuba jari irin kamfanonin inshora, a biya bankin. Haka Tottenham ta yi. Ta buɗe filinta mai ɗaukar mutum sama da 62,000 a Afrilun 2019 bayan kashe kusan fam biliyan ɗaya, a shekarar kuma ta sake tsara bashin fam miliyan 637 a kan ruwan da matsakaicinsa kashi 2.66 cikin ɗari ne, da matsakaicin wa'adi na shekara 23. Ka buga lissafin da kanka: ruwan bai wuce fam miliyan 17 a shekara ba, abin da bai kai albashi da kuɗin sayen babban ɗan wasa guda ba. Real Madrid ma a 2019 ta karɓi yuro miliyan 575 don gyaran Bernabéu, na shekara 30 a kan kashi 2.5 tsayayye, kodayake daga baya ta ƙara karɓar wasu rancen har sau biyu da aikin ya faɗaɗa. Duka biyun sun dace da lokacin da ruwa ke ƙasa. Barcelona sai a 2023 ta kammala yarjejeniyar yuro biliyan 1.45 don aikin Camp Nou, bayan farashin ruwa ya tashi a duniya.

Don ka gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ka kwatanta abu biyu: ƙarin kuɗin da sabon filin zai kawo a shekara, da abin da za a riƙa biya na ruwa da uwar kuɗi a shekara. Ƙarin ba daga kujerun talakawa yake fitowa ba galibi. Daga ɗakunan alfarma yake, da kujerun da ake haɗawa da abinci ana sayar wa kamfanoni, da sayar da sunan fili, da harkokin da ba na ƙwallo ba. Tottenham na da yarjejeniya da hukumar ƙwallon Amurka ta NFL ana buga wasanni a filinta, ga damben boksin da bukukuwan mawaƙa. Arsenal ta bar Highbury mai ɗaukar kusan 38,000 ta koma Emirates mai 60,000 a 2006, aikin ya ci fam miliyan 390, kuma kuɗin da take samu ranar wasa ya ninka a kakar farko. Duk da haka a shekarun da suka biyo baya an ga tana taka-tsantsan a kasuwa, ta sayar da Thierry Henry a 2007, Cesc Fàbregas da Samir Nasri a 2011, Robin van Persie a 2012. Masu ba da irin wannan lamuni kan sa sharaɗin a ajiye wasu kuɗi a asusun da ba a taɓawa, don haka kuɗin da ka gani a banki ba duka ne na kashewa ba.

Abubuwan da ke ɓata lissafi sanannu ne. Kuɗin gini kusan kullum yana zarce ƙiyasin farko. Jinkiri yana cin kulob ta fuska biyu, ruwa na taruwa, ga hayar wani fili: Tottenham ta zauna a Wembley fiye da yadda ta tsara, Barcelona ta koma filin Montjuïc a 2023 inda kujeru suka yi ƙasa da na gidanta nesa ba kusa ba. Mafi muni shi ne dogara da kuɗin da bai zo hannu ba. Valencia ta fara gina Nou Mestalla a 2007 da niyyar sayar da filin tsohon gidanta ta biya, kasuwar filaye da gidaje ta Sifaniya ta rushe, aiki ya tsaya a 2009, ƙwarangwal ɗin siminti ya yi sama da shekara goma sha biyar a tsaye ba a buga wasa ko ɗaya a ciki ba.

Mayar da farashin ɗan wasa zuwa kuɗin shekara

A littafin lissafi ba a rubuta kuɗin sayen ɗan wasa a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan tsawon kwantiraginsa. Ɗauki misali: an sayi ɗan wasa fam miliyan 60 da kwantiragin shekara biyar, kowace shekara miliyan 12 ke nan. Albashinsa fam 150,000 a mako, sau 52, ya zama miliyan 7.8. Kafin a sa ladan dillali da harajin da kulob ke biya kan ma'aikaci, ya riga ya kama miliyan 19.8 a shekara. Wannan adadin za ka auna da ƙarfin kulob. Shi ya sa ɗan wasan da ya zo kyauta da albashin 350,000 a mako, wato miliyan 18.2 a shekara ban da kuɗin sa hannu, bai fi wancan sauƙi ba.

Wajen sayarwa lissafin juyawa yake. Bayan shekara uku, darajar ɗan wasan nan a littafi ta koma miliyan 24. In an sayar da shi 30, ribar 6 ce, kuma nan take ake rubuta ta gaba ɗaya. In an sayar 20, asarar 4 ce. Ɗan wasan da ya taso daga makarantar kulob kuwa darajarsa a littafi kusan sifili ce, duk abin da aka samu riba ce zalla. Dalilin ke nan da kulob ɗin da ke cikin matsi ke fara sayar da 'ya'yan gida, abin da ke ƙona ran magoya baya, kuma suna da gaskiya. Ka lura da ƙarshen watan Yuni, lokacin da yawancin kulob ke rufe shekarar lissafi: a irin wannan makon ne a 2024 Newcastle ta sayar da Elliot Anderson ga Nottingham Forest da Yankuba Minteh ga Brighton.

Chelsea ta yi amfani da tsarin rarraba kuɗin saye ta hanyar ba Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk kwantiragin shekara takwas da rabi a Janairun 2023. Daga Yulin shekarar hukumar ƙwallon Turai ta UEFA ta taƙaita rarrabawar zuwa shekara biyar, Firimiya ta bi sahu a Disamba.

Sai ka duba wace doka ce ke ɗaure kulob ɗin. UEFA ta ƙayyade cewa albashin 'yan wasa da masu horarwa, da rarrabben kuɗin saye, da ladan dillalai, kada su wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga daga kakar 2025/26, bayan an bi ta kashi 90 da 80. Kulob mai samun miliyan 400, iyakarsa 280. A Firimiya, dokar da ta hana asarar sama da fam miliyan 105 cikin shekara uku ce ta sa aka cire wa Everton maki 10 a Nuwamban 2023, aka rage zuwa 6 da ta ɗaukaka ƙara, aka kuma cire wa Forest maki 4 a Maris ɗin 2024. A lokacin kuɗin gina fili ba ya cikin asarar da ake ƙirgawa, amma yadda za a lissafa ruwan rance yana cikin abin da aka yi ta jayayya a kai a shari'ar Everton. La Liga kuwa tun kafin kaka take yanka wa kowane kulob iyakar abin da zai kashe kan 'yan wasa, wanda ya haura ba za a yi masa rajistar ɗan wasa ba. Haka Barcelona ta rasa Lionel Messi a Agustan 2021, watan da shugabanta Joan Laporta ya bayyana bashin kulob ɗin ya kai yuro biliyan 1.35. A 2022 ta sayar wa kamfanin Sixth Street kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin ɗinta na La Liga har shekara 25 don ta samu sararin saye, ma'ana kowace kaka daga nan tana farawa da giɓin wannan rubu'in.

Tace labarin kansa

Yanzu ka koma kan raɗe-raɗin. Ka fara da tambayar wa zai amfana da fitar labarin. Dillalin da ke neman ƙarin albashi ga ɗan wasansa yana son a ji manyan kulob na zawarcinsa. Kulob mai sayarwa yana son a ji masu so sun yi yawa don farashi ya tashi. Kulob mai saye kan bar sunan wani ya fita don ya nuna wa mai sayarwa yana da zaɓi. Ka duba saura shekara nawa a kwantiragi: tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a 1995, wanda nasa ya ƙare yana tafiya kyauta, kuma idan saura wata shida yana iya ƙulla yarjejeniya da kulob na wata ƙasa, don haka farashi na faɗuwa sosai a shekarar ƙarshe.

Kalmomin labarin ma suna da matakai. "Suna bibiyarsa" ba komai ba ne, kowane babban kulob na bibiyar ɗaruruwa. "Sun daidaita da ɗan wasan" bai nuna kulob ɗinsa ya yarda ba. Sai an miƙa tayi a rubuce an karɓa, sannan gwajin lafiya, sannan izinin aiki idan Ingila zai je daga waje. Farashin da aka buga kuma ka tambaya ko ya haɗa da kuɗin sharaɗi, waɗanda sai ya buga wasanni kaza ko kulob ya ci kofi ake biya. Mai sayarwa kan faɗi adadin da sharuɗɗan, mai saye ya faɗi ba tare da su ba, shi ya sa kake ganin farashi biyu kan ciniki ɗaya. Daga kuɗin ma ana cire kashi 5 cikin ɗari a cinikin ƙasa da ƙasa don kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, wani lokacin kuma tsohon kulob ɗinsa na da kaso a ribar. Inda akwai farashin fansar kwantiragi, kamar yuro miliyan 222 da aka biya Barcelona kan Neymar a 2017, a dunƙule ake biya, don haka sai mai tsabar kuɗi a hannu.

Ko an gama duk wannan, cinikin ƙasa da ƙasa ba ya tabbata sai kulob biyun sun shigar da bayanai iri ɗaya a manhajar FIFA ta TMS kuma an yi rajista kafin a rufe kasuwa. A daren ƙarshe na Agustan 2015 Manchester United da Real Madrid sun daidaita kan David de Gea, takardu ba su kammala kan lokaci ba, ya ci gaba da zama a Old Trafford har 2023.