Darasi na 9: Canja Hob da Boris na Tirelar Kwale-kwale a Gida

Mai kwale-kwale mai inji, a Yawuri yake ko a bakin Dam ɗin Tiga, idan ba a ruwa yake barinsa ba, sai ya ja shi da ƙaramar tirela, wato keken ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan mota. Tayar tirelar tana ɗaure ne a jikin wani dunƙulen ƙarfe da makanikai ke kira hob. Shi kuma hob yana juyawa a kan bakin aksil, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu. A cikinsa akwai boris biyu, na ciki da na waje, kowanne zaune a cikin zoben ƙarfe da ake kira kofi. A bayan na ciki akwai sil, mai tsare giris ya hana ruwa shiga. Mai amalanken shanu da aka yi da tsohon aksil ɗin mota ma ya saurara, kusan aikin ɗaya ne.

Abin da ke kashe boris

Ruwa ne. Ka yi tafiya mai nisa, hob ya ɗauki zafi, kana isowa sai ka tura tirela cikin kogi. Ruwan sanyi ya taɓa ƙarfe mai zafi, iskar da ke ciki ta tsuke, sai hob ya zuƙi ruwa ta bakin sil. Ruwan ya gauraya da giris, tsatsa ta fara cin boris a ɓoye. Ranar da zai watse ba ya sallama: taya ta cije ko ta fice a tsakiyar titi, da jirgi a kai. Shi ya sa in ka iso bakin ruwa, ka dakata kamar minti 15 zuwa 20 hob ya huce. Ka kwance igiya, ka sauke kaya, sannan ka shiga.

Don ka gane ko boris ya gaji, ɗaga tayar da jak ka juya ta da hannu. In ka ji gurnani ko ƙarar yashi, ya lalace. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana kaɗawa sosai, akwai matsala. In ka buɗe murfi ka ga giris ya yi fari kamar kindirmo, ruwa ya riga ya shiga.

Kafin ka je kasuwa

Kada ka sayi boris da ido. Kowanne yana da lamba a jikinsa. Goge shi ka kwafe ta a takarda, harafi da harafi. Tirelolin da aka ƙera a Amurka sukan zo da L44643 a aksil mai kaurin inci 1, ko L44649 a waje da L68149 a ciki idan aksil ɗin ya fi girma. Waɗanda ake aunawa da milimita sukan ɗauki irin 30204 mai rami milimita 20, 30205 mai 25, ko 30206 mai 30. Ka tafi da tsohon sil a aljihu. In hob ɗin gaba ɗaya za ka canja, ƙirga kusoshin taya, 4 ne ko 5, ka kuma tafi da tsohon a gwada, don tazarar kusoshin takan bambanta.

Za ka buƙaci jak, sifanar taya, filaya, guduma, sukudireba, guntun katako, kananzir, tsumma mai tsabta, sabon fin mai ƙafa biyu, da giris irin wanda aka yi don aikin ruwa. Kada ka gauraya giris iri biyu, wani ba ya shiri da wani, sai ya tsinke ya zube.

Kwancewa

Ka yi aikin a ƙasa mai tauri, jirgi a sauke in da hali. Sa dutse gaba da bayan ɗaya tayar. Sassauta notin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne. Tokare jikin tirelar da kututturen katako mai ƙarfi kafin hannunka ya shiga ƙarƙashi.

Cire taya. Daddaka murfin hob a hankali ta gefe-gefe har ya fito. Miƙar da ƙafafun fin ka zare shi, ka kwance babban noti, ka cire washa. Jawo hob zuwa gare ka, tafin hannunka a baki don boris na waje kada ya faɗi cikin ƙasa. Ɓamɓare tsohon sil ka jefar, ba a maimaita shi. Boris na ciki zai biyo.

Yanzu wanke bakin aksil da kananzir ka dube shi da kyau. Shafa yatsa a inda sil ke zama. In ka ji tsagi, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi, sabon boris ba zai daɗe a kai ba. Wannan kam sai makaniki.

In sabon hob ka saya, kofunansa yawanci suna ciki, aiki ya ragu. In tsohon za ka mayar, dole ka fitar da kofunan: sa ƙarfe ta baya ka buga nan, ka buga can, suna fita daidai. Mutane da yawa sukan bar tsohon kofi don ƙiwa, su sa masa sabon boris. Asarar kuɗi ce, domin tabon da ke jikin kofin zai cinye sabon. Ɗora sabon kofi, ɓangaren da bakin raminsa ya fi faɗi yana kallon wajen hob, ka aza katako ko tsohon kofin a kai ka buga. Ƙarar gudumar za ta canja idan ya zauna daram.

Giris da ɗaurewa

Shafa giris a bayan boris bai wadatar ba. Ɗebi dunƙule a tafin hannu, ka riƙa danna gefen boris mai faɗi a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Juya kaɗan ka sake, har ka zagaye. Sa na ciki a kofinsa, ka buga sabon sil da katako, leɓensa yana kallon ciki. Zura hob a hankali kada zaren aksil ya yage sil. Sa boris na waje, washa, sannan noti.

Nan ne wurin da na fi so ka natsu, don a nan ake ɓata aikin. Mun saba noti sai an matse shi iya ƙarfi, amma wannan ba haka yake ba. Ɗaure shi da sifana kana juya hob da ɗaya hannun, har ka ji ya yi nauyi. Wannan don boris su zauna ne kawai. Tsayar da hob, ka sassauta notin, sannan ka mayar da shi da yatsu kaɗai. Duba ko ramin fin da ke jikin aksil ya dace da tsagin noti. In bai dace ba, ja baya kaɗan, kada ka ƙara matsewa. Boris da aka shaƙe yakan yi zafi ya ƙone, wanda ya yi sako-sako kuma yakan kaɗa ya ɓata sil. Abin da ake nema shi ne hob ya juya sumul, motsin da ke cikinsa da ƙyar hannu ke jinsa. Sa sabon fin, lanƙwasa ƙafafunsa, mayar da murfi.

Ɗaura taya, kana matse notin a tsallake, wannan sannan na gabansa. Ka yi wa ɗaya ɓangaren ma, ai ruwa ɗaya suka sha. Bayan tafiyar kilomita 10 ka tsaya ka taɓa hob: ɗumi ba laifi, amma in hannu bai iya zama a kai, koma ka duba babban notin aksil. Ka sake matse notin taya bayan tafiyar farko. Aƙalla sau ɗaya a shekara a buɗe a sabunta giris.

Aikin gida

Nemo tsohon boris a wurin makaniki. Wanke shi, ka rubuta lambarsa a littafinka, ka zo da shi aji. Kowa zai cusa masa giris da tafin hannu a gaban malami, sannan ya faɗa da bakinsa abin da zai yi idan ramin fin bai dace da tsagin noti ba.