Darasi na 11: Kafin Ka Yarda a Gwada Magani a Jikinka

Duk ƙwayar maganin da ka taɓa haɗiya, akwai mutumin da ya riga kowa shan irinta. Ran da ya sha, an riga an gwada ta a ɗakin bincike, an gwada ta a kan ɓeraye ko birai, amma babu likitan da zai iya rantsuwa kan abin da za ta yi wa jikin ɗan'adam. Irin wannan mutum shi ake kira mai sa kai a gwajin magani. Da yawansu ana biyan su, kuma adadin kuɗin ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin sanarwa. Mu yau ƙananan baƙaƙen da ke ƙasansa za mu karanta.

Matakan gwaji

Sabon magani yakan bi matakai huɗu. A mataki na 1 mutane kaɗan ne, galibi daga 20 zuwa 100, kuma yawanci lafiyarsu ƙalau. Ba warkar da kowa ake nema a nan ba. So ake a san yawan da jiki zai iya ɗauka, da tsawon lokacin da maganin ke yi a jini kafin hanta da ƙoda su fitar da shi. A mataki na 2 ana ba masu ciwon da aka yi maganin dominsa, har mutum ɗaruruwa. Na 3 yakan kai dubbai, a asibitoci da yawa. Na 4 kuwa sai bayan maganin ya shiga kasuwa, ana ci gaba da sa masa ido.

Kuɗi mafi tsoka a mataki na 1 yake, don mai lafiya ba abin da jikinsa zai ƙaru da shi. Lokacinsa ya bayar da jijiyarsa. Saboda haka tambayarka ta farko ita ce: an taɓa ba wani mutum maganin nan kafin ni? Wani gwajin tsohon magani ne sananne, wani kamfani ya yi irinsa, ana so a ga ko yana shiga jini kamar na asali. Wani kuma kai ne na farko a duniya. A jikin sanarwa duk sunansu ɗaya, amma a jikinka ba ɗaya ba ne.

Yadda zaman yake

Da tantancewa ake farawa. A auna tsawonka da nauyinka da hawan jini, a ɗebi jini da fitsari, a manna maka wayoyi a ƙirji a duba bugun zuciya. Mace kuma a yi mata gwajin ciki. Abu ƙanƙani yakan sa a mayar da mutum gida, kuma ba abin kunya ba ne. A nan ma wani ke fara sanin yana da hawan jini.

In an ɗauke ka, sau da yawa kwana za ka yi, wani gwajin kwana biyu, wani mako biyu ko fiye. Daren farko akan hana ka abinci, sai ruwa. Da safe nas ta sa maka siririyar roba a jijiyar hannu ta manne ta da filasta, don kada a yi ta huda ka. Ta miƙo ƙwayar da ruwa a aune. Ka haɗiye, ta ce buɗe baki, ɗaga harshe, ta leƙa ta tabbatar. Daga nan agogo ne sarki. Ga wata ta zo ɗibar jini bayan rabin awa, ga ta ta dawo bayan awa ɗaya, ga ta cikin dare kana barci. Abincin da aka kawo shi za ka ci, a lokacin da aka ce. Fitsarinka a cikin roba mai lambarka. Ba taba, ba kofi, ba barasa, ba motsa jiki mai ƙarfi. Wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, gundura za ta fi allura damunsa.

Ka nemi a faɗa maka jimillar jinin da za a ɗiba daga farko zuwa ƙarshe. Ga ma'auni: babban mutum yana da jini kusan lita 5, mai ba da gudummawar jini kuma akan ɗibar masa kamar mililita 450 a zama ɗaya.

Ka kuma sani ba kowa ake ba ainihin maganin ba. Wasu maganin wofi ake ba su, mai kama da na gaske amma ba komai a ciki, don a gwada bambanci. Kwamfuta ke yin rabon kamar ƙuri'a, kuma sau da yawa likitan da ke duba ka shi ma bai san wanda ka samu ba.

Abin da ya faru a Landan

Ranar 13 ga Maris, 2006, maza takwas masu lafiya suka kwanta a wani sashen gwaji da ke harabar asibitin Northwick Park a Landan. An yi wa kowannensu alkawarin fam 2,000. Shida aka ɗura musu sabon magani mai suna TGN1412 ta jijiya, biyu aka ba su na wofi. Abin da aka ba su kashi ɗaya ne kawai cikin 500 na abin da birai suka ɗauka lafiya. Duk da haka, cikin ɗan lokaci garkuwar jikinsu ta birkice, zazzaɓi, ciwon kai, kumburi, sassan jiki suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. An kwashe duka shidan zuwa sashen kulawa ta gaggawa. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsun ƙafa da kawunan wasu yatsun hannu.

Abu biyu nake so ku riƙe a labarin nan. Na farko, an yi musu allurar bi da bi, tazarar 'yan mintuna kawai, don haka kafin a gane abin da ke faruwa da na farko an riga an yi wa na ƙarshe. Bayan wannan ne aka ƙarfafa ƙa'idar fara ba mutum ɗaya ko biyu, a jira a gani, sannan a ba sauran. Na biyu, kusancinsu da babban asibiti ne ya taimaka wajen ceton ransu. Irin wannan masifa ba kasafai take faruwa ba. Mafi yawan masu sa kai abin da suke gani bai wuce ciwon kai, jiri ko tashin zuciya ba. Amma ta sake faruwa a birnin Rennes na Faransa a Janairun 2016, inda mutum ɗaya ya rasu.

Takardar amincewa

Wannan ce zuciyar darasin, kuma ita ce dalilin sa shi a littafin koyon karatu.

Ba a kyauta aka samo takardar nan ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shari'ar likitocin Nazi da aka yi a Nuremberg ta Jamus, an fitar da ƙa'idoji goma a 1947, ta farkonsu ita ce dole mutum ya yarda da son ransa. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara da Sanarwar Helsinki a 1964. Duk da haka, a Tuskegee ta jihar Alabama a Amurka, daga 1932 har zuwa 1972, hukumar lafiya ta ci gaba da bin baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere, ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, ba a kuma ba su fenisilin ba bayan an san yana warkarwa. Yawancinsu talakawan manoma ne da ba su yi karatu mai nisa ba.

Yau ƙa'idar duniya ta ce kafin a taɓa ka, a ba ka takarda da harshen da kake ji. Ta faɗi manufar gwajin, tsawonsa, haɗurran da aka sani, abin da za a yi in ka cutu, yadda za a biya ka, da wanda za ka kira in kana da ƙorafi. A ba ka lokaci ka yi tunani. In ka sa hannu, a ba ka kwafi ka tafi da shi. Wanda karatunsa bai nuna ba kuwa, dole a sami shaida wanda ba ma'aikacin gwajin ba ne, ya zauna tun daga farkon bayani har ƙarshe, shi ma ya sa hannu cewa abin da aka faɗa shi ne abin da ke rubuce. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka gaba ɗaya ba.

Ga misalin yadda za ka yi magana. Ku karanta shi bibbiyu a aji.

"Likita, ranka ya daɗe, in na fara na ga ba zan iya ba fa?"

"Sai ka daina, Malam. Ba sai ka ba da dalili ba. Za mu dai roƙe ka ka dawo mu duba lafiyarka."

"To kuɗin kwanakin da na riga na yi?"

"Za a biya ka gwargwadonsu."

"A wane shafi aka rubuta haka? Nuna mini da yatsa in karanta."

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce makaminka. Likitan kirki ba zai ji haushinta ba. Ƙa'ida ta ce a raba biyan gwargwadon zaman da mutum ya yi, kada a ɗaure shi duka a kan sai ya kai ƙarshe. Wasu wuraren sukan ajiye ɗan ƙari ga wanda ya kammala, wannan ba laifi. Amma in aka ce ko sisi ba ka da shi sai ranar ƙarshe, an sa maka takunkumi ke nan, don wanda jikinsa ke masa gargaɗi zai danne ya yi shiru saboda kuɗi.

Zaɓar asibiti

Kada fenti da sanyin ɗaki su ruɗe ka. Fara da tambayar kwamitin da ya amince da gwajin. Duk gwaji na halal sai wani kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya duba shi, hukumar kula da magunguna ta ƙasar ita ma tana da tata rawar. Sunan kwamitin da hanyar tuntuɓarsa su kasance a takardarka. In babu, ka ɗauki hularka.

Sai rajista. Akwai shafin intanet mai suna ClinicalTrials.gov da gwamnatin Amurka ta buɗe a 2000, yana ɗauke da gwaje-gwaje daga ƙasashe da yawa. Kowane yana da lamba mai farawa da NCT, sannan alƙaluma 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shafin da ke tattara rajistocin ƙasashe. Ka karɓi lambar, ka sa wanda ya iya waya ya duba ko sunan maganin da na asibitin sun dace da abin da aka gaya maka. Wasu gwaje-gwajen mataki na 1 ba sa cikin rajista, don haka rashin lamba kaɗai bai isa hujja ba. Rashin kwamiti ya isa.

Daga nan ka koma kan darasin Landan. Akwai likita a wurin da dare, ko nas kaɗai? Ina kayan farfaɗo da mutum? Minti nawa ne zuwa sashen kulawa ta gaggawa? Gaba ɗaya za a ba mu maganin ko za a fara da mutum ɗaya? In na cutu, wa zai biya jinya, akwai inshora, kuma har yaushe? Dokokin diyya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da ke rubuce a takardarka ka dogara da shi. Ka kuma lura da halin ma'aikata ranar tantancewa. Nas ɗin da ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta tambayi sunanka kafin ta manna lamba a kwalbar jini, ta riga ta gaya maka abu mai yawa game da wurin.

Wanda ya ce ka biya kuɗin rajista, ko ya ce babu haɗari ko kaɗan, ko ya ce sai ka sa hannu yau don gurbi zai ƙare, ka bar masa gurbinsa.

Naka haƙƙin

Kai ma akwai gaskiyar da ake bin ka. Wasu sukan ɓoye ciwo ko maganin da suke sha don kada a mayar da su, har da na gargajiya, wai shi ba magani ba ne. A wurin hanta magani ne. Wasu kuma suna fita wannan gwaji su faɗa wancan. Shi ya sa ake sa tazara, a wurare da yawa kwana 30, a Ingila galibi wata uku, kuma can akwai rajistar da asibitoci ke dubawa don kama mai yawon gwaji. Magani biyu da ba a san halinsu ba su haɗu a jini ɗaya, ba wanda zai iya cewa ga abin da zai biyo baya. Mace ta faɗi gaskiya kan ciki da shayarwa. Namiji ma akan ce ya kiyaye kada matarsa ta ɗauki ciki na wani lokaci, don haka zancen ya shafi gida, a yi shi da iyali tun kafin a sa hannu.

Aikin aji

Rubuta kalmomin nan sau uku-uku, ka sa kowace a jimla: amincewa, tantancewa, kwamiti, diyya, shaida.

Lissafi: a wani gwaji za a ɗebi jini sau 16 a zuwan farko, sau 16 a zuwa na biyu, kowace ɗiba mililita 6. A ranar tantancewa kuma an ɗebi mililita 20. Nawa ke nan gaba ɗaya? Ya kai abin da ake ɗiba wa mai ba da gudummawar jini?

Daga ƙarshe ku zauna uku-uku. Ɗaya likita, ɗaya mai sa kai, ɗaya shaida. Malami zai ba likita takarda, amma a asirce zai ce masa ya tsallake layi ɗaya wajen karantawa. Shaida ya bi da yatsa, ya ga ko zai kama shi.